Awon Albarushin Kakana

Kwanakin baya na shiga wani shago a lungunan Sabkha, nan Dubai, ina zaɓar wa wata abokiyar cinikina ta Kano kaskon turaren wuta, irin na tagullar nan masu murfi. Na ɗaga wannan na ajiye, na juya wancan, ina sauri saboda masu kago, wato kamfanonin aika kaya, suna rufe karɓa kafin la'asar. Sai da na zauna a jirgin ƙasa na nufi gida Al Qusais, na kai hannu zan gyara mayafina, sannan na ji warin a yatsuna. Idan ka taɓa riƙe tagulla da hannu mai gumi ka san shi, wani abu ne mai ɗaci-ɗaci da ke tsaya wa mutum a bayan harshe. Har na wuce tashata ban sani ba. Haka hannun kakana yake wari, rani da damina.

A hannun kakannina na tashi. Mahaifina malamin makaranta ne a birni, ina da shekara huɗu aka kai ni ƙauye riƙo. Ƙauyenmu yana gindin wasu duwatsu ne manya, gonakin da suka fi albarka kuwa su ne na jikin dutsen, inda ruwa ke gangarowa ya kwanta. A gidan akwai Kaka, da kakata, da baffana ƙanen mahaifina wanda shi ke riƙe da noman gidan. Kaka ba ya kirana da sunana, sai dai Amarya, irin wasan nan na kaka da jika, ni kuma in ce ban son tsoho mai furfura.

Maharba suna da yawa a yankinmu, amma duk adaka ce da su, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ta Kaka daban take. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana yi wa wani Bature likitan dabbobi jagora a daji, lokacin da ake yaƙi da ƙudan tsando. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa bindigarsa, aka mayar da takardunta da sunan Kaka, ya haɗa masa da wani akwatin katako cike da kayan aiki. Abin da ya sa ta zama daban shi ne babu kamfanin da ke yin harsashinta. Wani maƙerin bindiga ne can ƙasarsu ya ƙirƙiro shi don kansa da abokansa: ya ɗauki kwanson babban harsashi ya matse masa wuya har ya dace da ɗan ƙaramin kai. Sai ya fito kamar gora, ciki babba, wuya siriri. Kaka ya ce ya taɓa kai ɗaya babban shagon bindigogi na birni, masu shagon suka yi ta juya shi suna girgiza kai. Da lasisinsa za su sayar masa da albarushi da kawunan harsashi da ɗan maɓallin nan na gindi mai kama wuta, wanda shi yake kira ƙyastu. Amma haɗaɗɗen harsashi sai dai ya haɗa abinsa da hannunsa. Shi ya sa kwanso ya fi masa komai daraja. In ya yi harbi, sai ya duƙa ya tsinci kwanson ya sa a aljihu kafin ya je duba abin da ya faɗi.

Za ka iya tambaya, me mutum zai yi da irin wannan wahala alhali ga adaka? Amsar tana kan dutse. Gwaggon biri ya fi mutum sanin iyakar adaka. Idan dawa ta fara nauyi, garkensu zai sauko ya zauna a kan falalen dutse daidai inda adaka ba ta kaiwa, suna sosa jiki suna kallon masu gadi, sai an gaji an juya baya su faɗa gona. Abin da suke ɓarnatarwa ya fi wanda suke ci. Harsashin Kaka kuwa ƙarami ne amma yana da gudun da ya wuce misali, kafin ƙarar ta isa dutse shi ya riga ya isa. Ba ya harbin garke. Babban namijin da ke jagorantarsu kawai yake nema, in ya faɗi sauran sukan haura bayan dutse, ba a sake ganinsu sai an gama girbi. Wata shekarar harbi biyu ne aikinsa gaba ɗaya.

Yana haɗa harsashi ne a ƙarshen damina, da hantsi, lokacin da rana ke shigowa ta ƙofar ɗakinsa ta kwanta a kan tabarma. Ranar ba a wucewa ta ƙofar da garwashi, ba a shan taba a zaure, kakata ma a bayan gida take hura wutarta tana mita. Zai zazzage kwansunan a faifai, su yi wata ƙara mai daɗi kamar ta warwaro. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma, yana shafa wuyan kowanne da farcen babban yatsa, domin a nan suke fara tsagewa in sun tsufa. Wanda ya tsage yakan daɗe yana riƙe da shi kafin ya ware shi gefe. Akwai wani ƙarfe mai hannu kamar na famfo da yake ɗaurewa a jikin turmi, da shi yake mayar da kwanso siffarsa. Sannan a zo kan awo, wanda shi ne zuciyar aikin. Ma'aunin ɗan ƙarami ne, da sanda mai tsage-tsage, da wani ɗan nauyi da ake turawa a kan sandar, da allura a ƙarshe wadda dole ta tsaya a kan layi. Yakan ce adaka tana yafe wa mai ita, in ka ƙara ko ka rage sai dai ta yi tari. Wannan kuwa tun asali an cika ta har wuya, ƙari kaɗan ya isa ta fashe a fuskar mai harbi.

Ina da shekara takwas ya fara kirana ɗakin. Ina wasa a ƙofa ya ce, cikin raha, in zo in gaya masa ko allurar nan tana kan layi, ya ga ko amaryar tasa tana da ido. Na leƙa na ce ta ɗan yi ƙasa. Ya ƙara ƙwaya biyu uku da ɗan cokali, na ce ta hau. Daga ranar na zama mai duba masa allura. Bai taɓa ce mini kada in faɗa wa kowa ba, amma na lura in ya ji takun Baffa a tsakar gida sai ya ɗauko tatsuniya, kamar hira ce kawai ta zaunar da ni. Yaro yana gane irin wannan. Na san Kaka ba ya ganin abin da ke kusa, na kuma san ba ya so a sani. Na riƙe sirrin nan ina jin kaina wata babba.

Shekarar da na cika tara damina ta yi kyau, birai kuma suka sauko da wuri. Mutane suka fara zuwa zaure suna gaida Kaka gaisuwar da kowa ya san ma'anarta. Ya sa ranar Alhamis zai fita, ran Laraba muka zauna haɗa harsashi tara. Mun gama biyar sai aka yi masa sallama a waje, ya tashi ya fita. Daidai lokacin makaɗa suka biyo ta bayan katangarmu, ana kai lefen wata 'yar maƙwabta, na ji muryoyin ƙawayena. Na zabura zan leƙa ta taga, gefen zanena ya sharɓo ma'aunin ya kife.

Babu abin da ya karye. Na tashe shi, na ga ɗan nauyin ya zame daga wurinsa, na tura shi inda nake tsammanin yake. Da Kaka ya dawo ina zaune kamar ban motsa ba. Muka ci gaba. Ya zuba, na duba allura, na ce ta hau, kuma ba ƙarya na yi ba, ta hau ɗin. Muka gama huɗun da suka rage, ya haɗa su da na farko a ɗan akwatin fata, ya shafa kaina.

Tun kafin azahar abin ya fara cina. Tsagar da na mayar da nauyin, ita ce kuwa? Wani lokaci in ga ita ce, wani lokaci in ga ta gaba da ita ce. Na je gidan bikin na kasa shiga gaɗa. Aka zuba mini tuwo na tsakura na bari, kakata ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Ba dukan nake tsoro ba, Kaka bai taɓa dukana ba. Abin da nake tsoro shi ne ya daina kirana ɗakin nan. Na yi ta gaya wa kaina ai ko da kuskure ne tsaga ɗaya ce tak, me tsaga ɗaya za ta yi.

Washegari bayan Kaka da Baffa sun dawo daga masallaci, gari ya fara haske, Baffa yana zaure yana jiran Kaka da gorar ruwa. Kaka yana ɗaki ya rataya bindiga yana zura harsasan a aljihun taguwarsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hannunsa. Da ya ɗauki na ƙarshe sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Kaka, jiya da ka fita na ture ma'auni. Na mayar, amma ban tabbata ba."

Ya sauke bindigar ya jingine ta, ya zauna, ya jawo akwatin katako. A wani ɗan ƙunshin tsumma akwai guntun tagulla da Baturen ya goge masa da hannunsa, nauyinsa daidai da awon da ya kamata. Ya ɗora shi a ma'aunin da bai taɓa ba tun jiya, ya ce in duba. Allurar ba ta ko ɗaga kai ba, tana can ƙasa kwance. Na gaya masa. Ya ce in ƙirga tsagar da nauyin yake kai, na ƙirga da ƙarfi.

Tunda sun gauraya, babu yadda za a san na farko da na ƙarshe. Ya kwance su duka tara, ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar yadda yake yin komai, yana juye kowanne a ma'auni. Huɗu sun wuce awo, kuma ba da kaɗan ba. Ina kuka ba sauti, ina jiran ya ce in share hawaye mu sake. Sai na ga ya mayar da albarushin gwangwaninsa, ya jera kwansunan, ya naɗe ma'aunin a tsummansa, ya rufe akwatin ya sa kwaɗo. Ya fita zaure ina biye da shi daga nesa.

"Yau babu fita," ya ce da Baffa. "Na yi kuskure a awo. Idona ya gaza."

Baffa ya ce to a sake mana, rana ba ta yi ba tukuna. Kaka ya ce ba za a sake ba, yau ko gobe. Baffa ya roƙe shi, ya kawo maganar dawar mutane, har muryarsa ta ɗan ɗaga, abin da ban taɓa ji ba tsakaninsu. Kaka ya bar shi ya gama, sannan ya ce ya je gona. Ina laɓe a bayan ƙyaure, kalma ɗaya ta isa in wanke shi, ban faɗe ta ba.

Shekarar nan birai sun yi yadda suka so. Aka tura mu yara gadi da gwangwanaye da majajjawa, ni ce ta farkon fita ta ƙarshen dawowa, na yi ihu har muryata ta dushe. Su kuwa suna kan falalensu suna kallonmu. Gonakin jikin dutse sun yi asarar da ta kai a ji a jiki, wadda ta fi kowa shan wuya wata bazawara ce da gonarta ke can sama. Na ga Kaka ya sa an buɗe rumbunmu an kai mata damma, tuwon gidanmu kuwa ya rage kauri har bazara. A bakin rijiya ina jin mata suna cewa tsoho ya ƙare, wasu su ce rowa ce, ya ƙi koya wa ɗansa. Bayan girbi ya sa babbar rigarsa, ya naɗe bindigar a zane, ya hau motar kasuwa ya kai ta ofishin 'yan sanda tare da takardunta. Ya dawo da yamma da 'yar takarda a aljihu da alewa a hannu, ya miƙo mini.

Ya ƙara shekara shida a duniya, biyun ƙarshe ba ya gani ko kaɗan. Bai taɓa canza mini fuska ba. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin ɗauko maganar, ina jan sandarsa zuwa masallaci, ya ce amaryar da ke tuna wa mijinta tsohon zance kishiya take nema. Na yi dariya dole, maganar ta mutu a nan. Na girma, na yi aure, aiki ya kawo maigidana Dubai, ni ma na shiga harkar saye da aikawa. Duk tsawon shekarun nan abu ɗaya na sani: ni na raba Kaka da bindigarsa, ni na sa mutane suka ci da ƙyar, shi kuma ya ɗauki laifin ya tafi da shi kabari.

Bara 'ya'yan Baffa suka haɗu suka turo shi nan a yi masa aikin gwiwa. Bayan an sallame shi ya yi mako uku a wurinmu. Ya tsufa sosai, kamanninsa sun koma na Kaka har wani lokaci in na shigo falo sai in ɗauka Kaka ne zaune. Wata rana bayan la'asar na kawo masa shayi, yana zaune kusa da taga ya miƙe ƙafa a kan matashi yana kallon manyan motoci suna shiga rumbunan ajiya. Ban shirya ba, kawai na zauna a ƙasa kusa da shi na ba shi labarin daga farko, da makaɗan, da zanen, da guntun tagullar.

Abin da ya fara tambaya ya ba ni mamaki: wai da ma ni ce ke duba masa awo? Na ce damina biyu cur. Ya ce shi duk zatonsa hira ce ke kai ni ɗakin.

"To bari ni ma in gaya miki nawa," ya ce. "Damina uku kafin wannan, Baba bai harba bindigar nan ba. Shi ke ratayo ta daga gida har mu wuce idon mutane. In mun kai gindin dutse sai ya miƙo mini, ya zauna a bayana yana gaya mini yadda iska take. In na harba ya karɓa ya rataya mu dawo."

Ashe yanar ido ta riga ta cinye masa nesa tun kafin kusa. Baffa ya san ba ya ganin dutse, ni na san ba ya ganin allura, kowannenmu yana riƙe da rabi yana ɓoye wa ɗayan. Baffa ya ce ya yi shekaru yana jin haushin tsohon, don ya roƙe shi ya koya masa awon ya ƙi. Abin da kawai Kaka ya taɓa ce masa, ana gobe zai kai bindigar, shi ne kwansunan sun kusa ƙarewa, cikin bindigar ma ya cinye, kuma mutumin da son a ce yana nan da ƙarfinsa ya kai shi inda ya kai shi bai cancanci ya koya wa kowa komai ba. Baffa bai gane maganar ba a lokacin. Ya ce sai yau.

Sannan ya tambaye ni guda nawa ne suka wuce awo. Na ce huɗu cikin tara. Ya ɗaga hannu ya shafa idonsa na dama, wanda yake kangawa a madubin bindigar, ya bar hannun a wurin.

"Da wannan idon na ga jikokina goma sha ɗaya," ya ce. "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ban san ko nauyin ya sauka duka ba. Bazawarar nan ta yi asarar dawarta dai, kuma na yi shiru a bayan ƙyaure lokacin da ya kamata in yi magana. Amma na daina ganin ranar a matsayin ranar da Kaka ya yi ƙarya don ya rufa mini asiri. Gaskiya ya faɗa, wadda ta fi tawa nauyi, a gaban ɗansa.

Yanzu babu kowa namu a ƙauyen. Shekarun baya Baffa ya kwashe iyalinsa suka koma cikin gari, saboda dajin da ke bayan dutse ya cika da mutane masu bindigogin da ba a ƙirga musu harsashi. Yarana da aka haifa a nan, in suka ji kalmar bindiga a waya daga gida, sun san wani aka ɗauke ko wani aka rasa. Na rasa yadda zan fahimtar da su cewa na taɓa zama kusa da mutumin da ke ɓata rabin yini a kan harsashi tara, yana fatan biyu su ishe shi shekara. Ranar da na raka Baffa filin jirgi, ana tura shi a keken marasa lafiya, na tambaye shi wa ke noma gonakin jikin dutse yanzu. Ya ce babu kowa. Wani da ya yi ƙarfin hali ya leƙa a bazarar da ta wuce ya ce masa rufin ɗakin Kaka ya rufta, birai kuma suna zaune a kan katangar gidanmu da rana tsaka.